Bindigar Akuya da Kafaɗar Likita

Ƙanena ya bugo mini waya daga gida ya ce an rushe maƙerar bakin kasuwarmu, an kafa shagon cajin waya a wurin. Na ce to Allah Ya sa albarka, ai ita ma waya da wuta take aiki. Muka yi dariya, na ajiye. Amma tun daga ranar kunnena yake jiyo zugazugi, fuu-fat, fuu-fat, alhali ina zaune a falon ɗana a nan Bowie, a ƙasar Turawa, inda ba ka jin ƙarar komai sai injin sanyaya ɗaki da na yankan ciyawar maƙwabta. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na tuna kafin shi ma a rushe shi a kafa wani abu. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma ba a gama yaƙin ba na gudu, har yau ban ji wanda ya yi nasara ba.

Mu gidan maharba ne. Na buɗe ido na tarar da bindiga rataye a saman ƙofar zaure, an naɗe ƙotarta da layu, kyankyasai suna shiga hancinta suna fita. Ba a kulle ta, don ba wanda zai taɓa ta sai wanda ya gaji da zaman lafiya. Aikinmu mu matasa shi ne dakan albarushi a wani ƙaramin turmi da aka ware can bayan gida, ana yayyafa ruwa ana daka a hankali, mata suna leƙowa suna cewa mu ƙara matsawa nesa da murhu. In an gama a shanya a kan fata, ka zauna kana korar kaji. Mu narka dalma mu zuba a ramukan da muka yi a ƙasa, in dalma ta ƙare mu sassare ƙusa. Mu shafe bindiga da man shanu har ta yi ƙyalli, karnuka su yi ta bin ka suna lasar hannunka. In rani ya yi aka buga gangar farauta, za ka ji gari ya ɗauki wani irin motsi, tsofaffi suna kakkaɓe warki, karnuka suna kuka tun ba a kwance su ba, mai burtu yana gwada tafiyar tsuntsu a tsakar gida yara suna dariya. Yanzu a gidan nan bindiga tana cikin wani akwatin ƙarfe mai tsayin mutum, can ɗakin ƙasa, sai an danna lambobi yake buɗewa. Harsashi kuma yana wani akwatin dabam, kamar mata da mijin da suka yi faɗa.

A wancan zamanin mun san abin da ake harbi: zomo, gada, barewa, gadu, in mutum ya isa kuma gwanki ko ɓauna. Akuya ba ta cikin lissafi. Akuya ta mata ce. Ita ce mai cinye sabulun wanki, mai tura kai cikin tukunya, mai hawa katanga ta tsaya tana kallonka kamar ta ba ka ajiya. In aka ce wane ya harbi akuya, to ko ɓarawo ne, ko ya yi faɗa da maƙwabci, ko kuma a nemo masa mai magani. Na faɗi wannan ne don a gane halin da na shiga.

Ɗan da nake zaune a gidansa shi ne ɗan farina. Likita nake ce masa, tun kafin ya zama likita ma ban taɓa kiran sunansa ba, sai in ce kai, ko wannan yaron. Haka muka tarar. Ɗan fari ba ka ɗaukarsa, ba ka wasa da shi, in ya faɗi a gabanka ka kalli sama har wani ya zo ya ɗaga shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce. A nan kuwa ina kallo ’ya’yansa suna tsalle suna hawa wuyansa, har babbar, shi kuma yana kiran sunanta da ƙarfi a gaban mutane ko gezau. Na daɗe a gidan nan, ana ba ni abinci, ana kai ni asibiti, ana kai ni masallacin Juma’a, ba a rage ni da komai ba. Abu ɗaya ne kawai, ba a tambayata komai. Hanya akwai injin da ke faɗa, ruwan sama akwai injin da ke faɗa, har alƙibla waya ce ke nunawa. Ni aikina in ci, in yi salla, in ce Allah Ya yi albarka.

Sai wata Asabar da hantsi ya shigo falo ya zauna a ƙasa kusa da kujerata, ya ce, “Baba, shawara nake nema.”

Na waiwaya baya in ga da wa yake.

Ashe tsohon maƙwabcinmu ne, wani baƙar fata ɗan ƙasar nan da ya koya masa fita daji, ya rasu ya bar masa wasiyyar bindigarsa. Tsohuwa ce ƙwarai, ƙotar ta yi baƙi don shan hannu. Ya kai wa mai gyara, an ce komai nata lafiya sai hancin, ya lashe daga ciki, dole a sa sabo. Kuma kafin a sa sai an zaɓi faɗin bakin, don shi ne zai nuna irin harsashin da za ta ci har ƙarshen rayuwarta. Ya ce ya karanta, ya tambayi abokai, kowa da abin da yake faɗa, shi ne ya tuna ai mahaifinsa maharbi ne ɗan maharbi.

Na gyara zama, na yi gyaran murya irin ta manya. Na ce, “To madalla. Me za a harba?”

Ya ce, “Akuya.”

Na ce, “Ta wa?”

Ya ce ba ta kowa ba ce, ta dutse ce. Wai can yamma, sai an hau jirgi, akwai duwatsu masu ƙanƙara, a kansu akwai wata farar akuya mai gemu, sai mutum ya yi ta hawa da ƙafa kafin ya hango ta. Wai kuma ba kowa hukuma ke bari ba, sai ka sa sunanka an yi ƙuri’a, wani ya tsufa bai samu ba. Ya nuna mini hotonta a waya. Na duba da kyau. Akuya ce. Ta ƙoshi dai, amma akuya ce, har da wannan kallon na raini. A daidai lokacin kuwa, wallahi, barewa ce tsaye a bayan gidanmu tana cinye furannin matarsa, ta taga muna ganinta. Na nuna masa. Ya ce a’a, wannan ba a harbinta cikin unguwa, sai ’yan sanda su zo. Na ce to bari in gane: naman daji ya biyo ka har gida, shi ba a taɓawa, dabbar gida ta gudu kan dutse, ita za a hau jirgi a bi? Ya ce kusan haka ne. Na ce to ƙasar nan a juye aka shimfiɗa ta.

Ban san yadda maganar ta fita ba, amma ranar Juma’a muna fitowa masallaci sai ga Alhajin Kumasi, abokina mai shagon nama a Wheaton, yana ɗaga hannu tun daga nesa. “Sarkin dawa! An ce gidanku za a fita yaƙi da awaki. Ku zo shagona mana, akwai su a firij, ba sa gudu.” Na ce masa shi da bai taɓa kashe abin da ba a ɗaure masa ba ya yi mini shiru. Ya ce ko a ɗaure ne ai shi da wuƙa yake yi, bai taɓa neman bindiga ba. Mutane suka yi ta dariya. Ni ma na yi. Na so in koma gida in ce wa Likita wannan abin kunya ne, jikan maharba ba ya bin akuya. Sai dai na san in na faɗi haka zai ce to Baba, ya tashi, kuma shi ke nan, ba zai sake zama a ƙasa kusa da kujerata ya ce shawara yake nema ba. In kuma na ce ban sani ba, duk ɗaya ne. Ga shi kuwa gaskiyar ita ce ban san komai game da akuyar da ke kwana a ƙanƙara ba.

Abin da na sani shi ne yadda aka zaɓa mini tawa. Lokacin da gemu ya fara tsiro mini, aka ce a gyara mini bindigar kakana wadda hancinta ya tsage. Muka tafi maƙera, ni da mahaifina da ƙanensa, Baffa. Maƙerin yana da tarin bututu a jingine, wasu na famfo, wasu sandunan sitiyarin tsofaffin motoci, kuma da yatsa ake auna su. Akwai wanda babban yatsa ke shiga, na ɓauna ke nan. Akwai na manuni. Akwai na ƙaramin yatsa, wanda mu matasa muke ce wa na korar tsuntsu a gonar gero. Ni tun a hanya na gama zaɓa. Ina isa na zura babban yatsana a mafi faɗi, na ce wannan. Maƙerin bai ko ɗago daga wuta ba. Ni ma ɗan fari ne, don haka mahaifina ya koma gefe yana jujjuya wasu fartanyu kamar su suka kawo shi. Baffa ya ce in tsaya sosai in kafa ƙafa. Na tsaya ina murmushi. Sai jin dunƙulen hannu na yi a kafaɗar dama, dim! Na yi baya taga-taga, na haɗu da tulun da ake tsoma ƙarfe, muka zube tare. Mai zuga ya saki zugazugi yana dariya har da riƙe ciki. Baffa ya ce wa maƙeri, “Ƙaramin yatsa.” Na tashi a jiƙe na ce ai ban shirya ba. Ya ce, “Ita ma ba za ta gaya maka ba. In ta fi ƙarfin kafaɗarka za ka riƙa rufe ido kafin ka ja kunama, ka ji wa dabba ciwo ta tafi ta mutu a banza. Ka fara da wannan, in ka yi nama a jiki mu dawo.”

Haka ake yi a garinmu, ƙanen uba ko wansa ne ke auna kafaɗa, uba yana gefe. Na sha tsiya a wurin abokai, suka sa wa bindigata suna Tsinke. Amma ranar da aka kawo ta daga maƙera na ga wani abu da ba na cikin aikin maƙeri ba. An ɗinka mata matashi a gindin ƙota, jar fata an cusa audugar rimi, daidai inda za ta zauna a kafaɗa. Na tambayi Baffa, ya ce ba shi ba ne. Na tambayi maƙeri, ya ce shi ƙarfe ya sani. Na san ɗinkin, irinsa ne a jakar albarushin mahaifina. Ban yi masa godiya ba, shi ma bai nuna ya san da zancen ba, har ya bar duniya. Na san nauyin hannun Baffa sarai, har yau in sanyi ya yi ina tunawa. Nauyin hannun mahaifina kuwa ban san shi ba.

To, muka shiga mota ni da Likita zuwa wurin mai gyaran, can bayan gari inda gidaje suka ƙare. Ina ta sauraron in ji ƙarar masaba, shiru. Maƙera ba wuta, ba gawayi, ba mai zuga, ba ’yan zaman gulma. Wani dattijon Bature ne da tabarau a kan hanci, ɗakinsa fes kamar inda ake cire haƙori. Likita ya gaya masa ga mahaifinsa, babban maharbi daga Afirka. Baturen ya miƙo hannu da girmamawa, na ji kaina ya ƙara girma. Ya ɗauko bindigar ya ajiye a kan tebur. Ni kuwa don in nuna na san aiki, sai na juyo da bakinta wajena na kai yatsa.

Tare suka yi ihu, shi da Likita. Baturen ya kama hancin ya kawar gefe, fuskarsa ta yi ja, yana ta magana da sauri. Likita ya ce, “Baba, ba a tsayawa a gaban baki, ko ba komai a ciki.” Na ce to ta ina ake aunawa, ta gindi? Da hankali ya kwanta aka kawo mini hancinan da ba a ɗaura ba, aka ce in auna son raina. Na gwada babban yatsa, bai shiga ba. Manuni, bai shiga ba. Ƙaramin yatsa, ko farce bai shiga ba. Duk cikinsu babu wanda ya kai rabin Tsinke, wadda aka yi ta yi mini dariya a kanta. Ashe da ni a ƙasar nan aka haife ni, da igwa nake yawo.

Sai ya jera harsasai a tsaye kamar ’yan makaranta, kowanne da lambarsa, Likita yana fassarawa. Wannan ɗari biyu da arba’in da uku, wannan ɗari biyu da saba’in, wannan talatin da sifiri da shida. Na ce to a cire talatin ɗin, ya yi ƙanƙanta. Aka ce ai ya fi ɗari biyu da saba’in kauri. Na ce a wace makarantar? Aka ce shidan ma ba awo ba ne, shekarar da aka ƙirƙiro shi ce. Na ce to me ya kawo ranar haihuwa cikin maganar faɗin baki? Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma haka ya tarar. A nan na ɗan ji sanyi, ashe su ma suna da abin da suka gada ba su gane ba. Baturen ya ture mafi ƙanƙanta a cikinsu gefe, ya ce akuyar nan tana da taurin rai, kuma daga nesa ake harbinta, ƙarami zai iya raunata ta kawai. Sauran duk za su yi. Amma na lura idon Likita yana kan wani dogo mai ƙiba a ƙarshen layi, ɗari uku, wanda abokansa suka ce shi ne na maza. Na san wannan kallon. Da shi na shiga maƙera.

Suka zuba mini ido su biyun. Yatsa ya ƙi aiki, lamba ta ƙi ni, akuya ban san ta ba. Awo ɗaya ya rage mini, kuma ba aikina ba ne, aikin ƙanena ne, shi kuwa yana can gida. Na yi tunanin in buga masa waya, to ta waya ake naushi? Na dubi Baturen, na ga ba zai yi ba, zai ce sai an sa hannu a takarda.

Na ce, “Kai, tsaya sosai. Kafa ƙafarka.”

Ya tsaya yana kallona, bai san abin da ke zuwa ba. Na dunƙule hannu na ɗaga. Sai hannun ya ƙi tafiya. Mutumin nan tun yana cikin zani ban taɓa sa masa hannu ba, yau kuma in fara da naushi, a gaban Bature? Hannun ya buɗe da kansa, ya sauka a kafaɗarsa ta dama. Na danna da babban yatsa a inda ƙota ke zama. Ya ja iska ta haƙori, ya runtse ido, kafaɗar ta zame ƙasa. Ban ma sa ƙarfi ba. A ƙarƙashin rigar nan mai tsada ƙashi na ji, da wani kumburi mai zafi. Kuma da na matso kusa haka sai na ga bayan kunnensa duk furfura. Ni a wurina yaron nan bai daɗe da gama makaranta ba. Yaushe ya tsufa, ina ina?

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya sunkuyar da kai. “Ya ɗan daɗe, Baba. Tsayuwar tiyata ce. Ba wani abu ba ne.”

“Matarka ta sani?”

“A’a.”

“Likita guda! Kana gyaran na mutane naka yana ruɓewa. Da wannan kafaɗar za ka ɗauki na maza? Ai akuyar ce za ta sauko ta yi maka jaje.”

Ya yi dariya, amma bai ɗago ba, ni kuma sai na ga ashe har lokacin ban ɗauke hannuna ba. Na ɗauke da sauri na sa a aljihu. Na nuna ɗari biyu da saba’in na ce wannan, in ya yi nama a jiki mu dawo. Baturen ya ce zaɓi mai kyau ne, amma ina zargin ko wanne na nuna haka zai ce. A mota matar nan ta cikin inji ta yi ta faɗa mana hanyar gidanmu.

Da aka kawo bindigar na ga an manna mata baƙar roba a gindi, wai don rage shuri. Na jira ranar da ya fito da ita zai shafa mai, aka kira shi a waya ya hau sama. Ina da tsohon matashin fata da na zo da shi daga gida, na riga na yanko gefensa na ɗinka, sai na zura a kan robar na ja zare na ɗaure. Audugar rimi babu a nan, da audugar kwalbar maganina na cusa. Ya sauko ya gani, ya shafa, ya juya ta, ya duba ɗinkin. Ni ina can ina jujjuya wasu gwangwanayen fenti kamar su suka kawo ni ɗakin. Bai tambaya ba. Jar fatar akuya ce, kuma har yau ita ce kaɗai akuyar da bindigar nan ta taɓa, don ƙuri’ar ba ta faɗo kansa ba. Kowace shekara yana sa suna, kowace shekara a ce sai wani jiƙon. Alhajin Kumasi ya ce awakin ne suke da ɗan’uwa a ofishin.

Ni dai har gobe ban gane abin da akuyar dutse ta yi wa mutanen ƙasar nan ba, ban kuma gane yadda talatin ya fi ɗari biyu ba. An yi wa Likita aikin kafaɗa, ya warke, yana ɗaga jikokina da hannu ɗaya. Amma duk lokacin da za a sake sa suna, sai ya shigo falo ya durƙusa ta gefen kujerata, ya juyo mini da kafaɗar dama, ya ce, “Baba, a sake aunawa, ko na isa ɗari ukun.” Na san hanci ba a canza shi kamar hula, shi ma ya sani. Sai in ɗora hannu in danna, in daɗe ina dannawa kamar mai neman wani abu, sannan in ce, “Da saura.”